Malamin da na yi ta wucewa a Boɗinga

Ni ne na laƙaba masa sunan. Gara in fara da wannan, tunda abokan karatuna suna raye, kuma sun sani. Malam yana da wata riga ruwan toka mai faci a kafaɗa, facin kamar Tafkin Chadi da yake zana mana a allo. Ran nan na raɗa wa na kusa da ni cewa yau Taswira ya shigo da taswirarsa a jiki. Kafin a fita tara sunan ya zagaye makaranta, ni kuwa ina ta hura hanci, wai na yi abin kai.

Labarin ƙasa yake koya mana a sakandare a Boɗinga. Ni ɗan ƙauye ne daga ƙasar Shagari, ina zaune gidan kawuna. Wata Asabar ya kora mu a ƙasa har Sifawa, ya ce mu dubi inda Shehu Usmanu ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Abdullahi kuma yana nan Boɗinga. Yana bayani, mu muna lissafin ƙishirwa. A hanyar dawowa ya dafa ni, ya ce mutumin garinmu, Alhaji Shehu Shagari, da alli ya fara, ya koyar a Midil ta Sakkwato, har ya tsara Waƙar Nijeriya don yara su san ƙasarsu, tun kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979. Na ce to. A raina na ce ai shi ya bar allin.

Shekarar da za mu rubuta WAEC gero bai yi ba a gonarmu. Ana saura kwana biyu a rufe biya, na riga na haɗa 'yan komatsaina. Malam ya kira ni bayan aji, ya miƙo mini rasit da sunana a kai, ya ce, "Yaro, in ka tai gida ka ce ma babanka Taswira na gaishe shi." Ashe ya san sunan, ya kuma san wanda ya raɗa shi. Na so ƙasa ta tsage. Ko godiyar kirki ban iya ba, na dai yi alkawari a zuci cewa sai na dawo na biya shi ninkin ba ninkin.

Wannan alkawarin ne ya cuce ni. Da na sami aiki a Sakkwato, na ce bari albashi ya ɗan yi kauri. Da ya yi kauri, na ce bari in sayi mota, kada in je masa a kan kabu-kabu. Da na sayi motar, na ce sai na haɗa masa kujerar Makka. Duk mai zuwa Shagari daga Sakkwato ta Boɗinga yake bi, ni kuwa kusan kowane wata sai na je gida. Ku lissafa da kanku sau nawa na wuce. Ina kiran abin kunya da girmamawa, alhali girman kai ne tsagwaronsa. So nake ya ga abin da na zama, ganinsa shi bai dame ni ba. Na san da yawanku akwai wani tsoho da kuke wa irin wannan tanadin.

A ƙarshen Disambar 2018 Alhaji Shehu Shagari ya rasu, na sa babbar riga na nufi jana'iza, har da fatan a gan ni cikin manya. A Boɗinga tayata ta sace. Mai facin da na tsaya wurinsa ashe ɗan ajinmu ne. Muka tafa, na ce, "Ina Taswira?" Ya ajiye ƙarfen da ke hannunsa ya dube ni. "Malam ai shekara biyu ke nan. Jinyar sati biyu ya yi. Ko hamsin bai cika ba."

Da a nan ya tsaya, da da sauƙi. Sai ya nuna mini wani benci a gindin dogon yaro, ya ce nan Malam yake zama bayan La'asar, kuma ya san motata sarai. In na wuce, akan ce masa ga yaronka can ko waiwaye babu, shi kuwa sai ya ce a ƙyale ni, mai aiki ba ya rasa sauri. Na tsaya da babbar rigata a bakin titi, motocin masu zuwa jana'iza suna ta wucewa, na kasa ɗauke ido daga bencin nan.

Ban ƙarasa Shagari ba ranar. Abokina ya raka ni gidan. Mai ɗakin Malam ta amsa ta'aziyyata daga bayan labule, ta ce ta san ni a bakinsa. Na tura ambulan, ta turo mini abina, ta ce Malam bai bar bashi a kan kowane ɗalibi ba.

Wanda ya karanta wannan, don Allah ya yi wa Malam Ƙulhuwallahu ƙafa uku. Allah ya jiƙansa, ya raya abin da ya bari.