Takalmin Fijon Kaka

A bayan gidanmu da ke Birnin Yauri akwai wata bishiyar darbejiya, a ƙarƙashinta kuma wata farar Peugeot 504 ta yi shekara goma sha ɗaya tana zaune a kan bulo. Tun ina firamare nake ganinta. Kaji suna ƙwai a kujerar baya, mu kuma yara muna shiga mu kama sitiyari muna ƙarar inji da baki. Motar kakana ce, mahaifin mahaifiyata, wanda ya yi aikin koyarwa a ƙasar Yauri har ya yi ritaya. Ya saye ta sabuwa fil a 1979 da bashin mota na ma'aikata, kuma bai taɓa kiranta da wani suna ba sai "Fijo".

Ina aji biyu na babbar sakandare aka yi zaman gida a kan motar. Masu sayen tsofaffin ƙarafa sun zo sun yi tayi, wasu daga cikin iyayenmu kuma suka ce a sallama, tunda Kaka idonsa ya yi rauni, ba zai ƙara tuƙi ba. Kaka bai yi musu ba. Abin da ya ce kawai shi ne yana so, kafin a rabu da ita, a kai shi bakin ruwa a Yelwa a cikinta sau ɗaya. Kawuna, wanda bakanike ne, ya ce a ba shi zuwa babbar Sallah. Ni kuma na ce zan taya shi.

Aikin inji da burki da wayoyin wuta duk Kawu ne ya yi, ni miƙo sifana ne nawa. Amma da aka zo kan ƙafafun mota sai na ce wannan a bar mini. Wili biyu an sace su tun da daɗewa, biyun da suka rage kuwa ɗaya ya lanƙwashe, tayoyin duk sun tsattsage kamar ƙasar fadama da rani. Ina da ɗan kuɗin da na tara a hutu ina ɗaukar buhunan albasa a kasuwa, kuma ina da buri. A wayar wani abokina na ga hotunan motoci masu manyan wili na alminiyam, suna ƙyalli, da taya siririya kamar an naɗa igiya. Na ƙudurta cewa ranar Sallah sai kowa ya juyo ya kalli Fijon Kaka.

Ban yi shawara da kowa ba na je wajen wani mai sayar da kayan gwanjo na saya wili huɗu masu inci 17, har da tayoyinsu. Na tambaye shi ko za su hau Fijo, ya ƙirga ramukan ya ce, "Huɗu ne, ita ma huɗu gare ta, me ya rage?" Na biya kusan duk abin da na tara, na ɗoro su a kan babur mai ƙafa uku ina jin kaina kamar ango.

Kawu ya dube su bai ce komai ba. Ya ɗauki ɗaya ya kara a jikin motar, ya ce in zo in saka noti. Rami ɗaya ya shiga, sauran ukun ko kusa ba su yi ba. Sai ya miƙo mini ma'auni ya ce, "Auna daga tsakiyar wannan rami zuwa tsakiyar na gabansa, wanda ke kallonsa." Na auna na Fijo, milimita 140. Na auna nawa, milimita 100. Ashe yawan ramuka ba shi ne kaɗai abin dubawa ba, akwai faɗin da'irar da ramukan ke zaune a kai. Yawancin ƙananan motocin Japan masu rami huɗu, nasu 100 ne ko 114.3, Fijo 504 kuwa nata 140 ne.

Na ce to a kai wajen mai walda ya faɗaɗa ramukan. Nan ne Kawu ya ɗaga murya, abin da ba ya yawan yi. Ya ce, "Ɗana, notin nan huɗu su ke riƙe da ran duk wanda ke cikin mota. In ka huda wili ba a inda aka yi shi ba, zai zauna a karkace, ya riƙa girgiza, wata rana ya tsinke kusoshin a kan gudu. Kakanka za ka ɗauka a ciki, ko ka manta?"

Da yamma ya ɗauko tsohon littafin motar daga akwatin Kaka, ya nuna mini inda aka rubuta girman taya: 175 R 14. Ya ce tunda ina alfahari da lissafi, in zauna in fassara masa. Ga abin da na koya a daren nan, kuma ku ma in kun duba gefen kowace taya za ku gani. Lamba ta farko, 175, faɗin taya ne da milimita. Harafin R yana nufin zaren da ke cikin taya an shimfiɗa shi ne daga baki zuwa baki, irin ƙirar da kamfanin Michelin na Faransa ya yi wa rajista a 1946, wadda ta fi tsohuwar ƙirar zare mai gicciye riƙe hanya da daɗewa. Lamba ta ƙarshe, 14, faɗin wili ne da inci. A tayoyin yanzu akan ƙara wata lamba a tsakiya, kamar 175/80, ma'ana tsayin gefen taya kashi 80 cikin ɗari ne na faɗinta.

Sai na yi lissafin. Kashi 80 cikin ɗari na 175 ya ba ni milimita 140, wato tsayin robar da ke tsakanin wili da ƙasa ke nan. Inci 14 milimita 356 ne, in ka haɗa da roba sama da ƙasa, tsayin ƙafar gaba ɗaya ya kai milimita 636. Tayoyin da na sayo kuwa 205/40 R 17 ne. Gefensu milimita 82 ne kacal, tsayin ƙafar duka kuma 596. Abin mamaki, babban wilin da nake taƙama da shi ƙafarsa ta fi ta asali gajarta da santimita huɗu. Ko da ramukan sun dace, motar za ta sauka ƙasa da santimita biyu, agogon gudu kuma zai riƙa yin ƙarya, yana nuna 80 alhali motar tana tafiyar 75.

Kawu ya ce in bar lissafi in tuna hanyoyinmu. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Wara ko ƙauyukan Shanga da damina ya san abin da rami yake yi wa mota. Robar nan mai tsayin milimita 140 ita ce matashin farko da ke shan duka kafin ya kai ga ƙarfe. Mai milimita 82 in ta faɗa rami, wili ne zai daki bakin kwalta. Wilin ƙarfe in ya lanƙwashe, mai faci zai buga shi da guduma ya miƙe ka isa gida. Na alminiyam sau da yawa tsagewa yake yi. Waɗanda suka ƙera 504 sun yi ta ne da dogayen ƙafafu da taushin tafiya, shi ya sa ta karɓu a Afirka. An fito da ita a 1968, shekarar da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji, tafkin ya cika ya canja rayuwar mutanenmu na bakin ruwa da na gungu. A 1975 ta ci gasar tseren Safari a Gabashin Afirka, kuma a shekarar ce masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci.

Kaka yana zaune a tabarma yana jin mu. Ya yi dariya ya ce, "Abokina, ka taɓa ganin dattijo da babbar riga da rawani ya saka takalmin ƙwallo?" Kowa ya yi dariya ban da ni, don ni kuɗina nake tunani. Washegari na mayar da kayan, mai shagon ya ce ba a mayar da ciniki, sai da Kawu ya sa baki ya karɓa da ragi mai ciwo. Kusan kashi ɗaya cikin uku na guminna ya tafi a banza.

Daga baya na karanta cewa ba mu kaɗai ke wannan gardama ba. A Amurka, tun shekarun 1930 da 1940, samarin Kalifoniya sukan sayi tsofaffin Ford, musamman ƙirar 1932, su rage musu nauyi, su ƙara wa inji ƙarfi, su yi tsere a busassun tafkunan hamada. Har yau akwai masu sake gina irin motocin nan, kuma da yawansu ba sa yarda su saka musu wilin zamani. Wilin ƙarfe suke nema ko mai waya irin na lokacin, da manyan tayoyi a baya da ƙanana a gaba, don a ganinsu ƙafa ce ke fara nuna shekarun mota.

Wilin ƙarfe na asali sai a kasuwar Panteka ta Kaduna aka samo mana guda uku, da murafunsu masu ƙyalli. Wani direban da ke kai kifi ya taho da su. Na kwana biyu ina goge tsatsa da sanfefa, Kawu ya juya kowanne a kan ƙafar mota yana duba ko yana rawa, sannan muka fesa musu fenti ruwan azurfa.

Saura taya, kuma a nan na kusa yin kuskure na biyu. Wani dattijo ya ji labarin aikinmu, ya ce yana da tayoyi biyu irin na Fijo da ya ajiye a ɗaki, ba su taɓa taka ƙasa ba. Na je na gani, zanensu cif, girmansu 175 R 14 daidai, ga araha. Na ce wannan karon na dace, tayar zamanin mota ga motar zamaninta. Kawu ya juya gefen taya ya nuna mini wasu lambobi a cikin ɗan zagaye, bayan haruffan DOT. Ya ce tun daga shekarar 2000 lambobin huɗu ne, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Na dattijon lamba uku ne, alamar an yi su kafin 2000, sun girme ni nesa ba kusa ba. Ya matsa robar da babban yatsa, sai ga ƙananan tsagu sun buɗe. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, zafi irin namu kuma yana gaggauta tsufan. Dalilin da ya sa ke nan jami'an Hukumar Kiyaye Haɗura ke duba lambobin nan a kan hanya.

A nan na gane inda iyakar bin zamanin mota take. Girma da siffa da wili, a bi na asali. Ita robar kuwa dole ta zama sabuwa. Da can ana yin taya a ƙasar nan, Michelin a Fatakwal, Dunlop a Ikeja, amma duk sun daina, don haka sai da muka jira mako uku kafin a kawo mana sababbin 175/80 R 14 daga Kano. Kuɗina bai isa ko biyu ba. Mahaifiyata ta sayar da tunkiya ta cika.

Ran yawon Sallah, bayan la'asar, muka sauke Fijo daga kan bulo. Kafin Kaka ya shiga sai ya durƙusa da ƙyar, ya shafa murfin wilin gaba da tafin hannunsa, ya bi gefen tayar da yatsu tun daga ƙarfe har ƙasa. Ya ce, "Haka take." Kawu ya ja, ni ina baya. A hanyar Yelwa mun faɗa ramuka da dama, motar tana lanƙwasawa tana miƙewa a hankali kamar jirgin ruwa a kan igiyar ruwa, Kaka kuma yana ba mu labarin yadda ya taɓa ɗaukar ɗalibai bakwai a cikinta zuwa jarrabawa a Sakkwato. A bakin ruwa ya sauke gilashi, ya daɗe yana sauraren injinan jirage da hayaniyar masu kifi. Samari kaɗan ne suka juyo suka kalle mu, amma dattawa uku sun taso sun kewaye motar, ɗayansu har ya ƙwanƙwasa wilin da sandarsa ya gyaɗa kai.

Ba a sayar da motar ba. Kaka ya rasu bayan shekara ɗaya da rabi, Allah ya jiƙansa, kuma yanzu tana wajen Kawu. Ni dai tun daga lokacin ba na shiga motar haya sai na sunkuya na duba lambobin da ke gefen tayarta. Ranar da za ku koma makaranta, ku ma ku sunkuya ku duba kafin ku shiga.