Masunci Mai Fiffike a Kogin Nagara

Ni da na sha kallon kamun kifi a Argungu, sai da na je Gifu ta ƙasar Japan na ga masunci mai fiffike. Bayan magariba muka shiga jirgi a Kogin Nagara. Can sai ga kwale-kwale shida na gangarowa, kowanne da kwandon ƙarfe a goshi, wuta na ci balbal, tartsatsi na zuba a ruwa, ana dukan gefen katako dum-dum. A kowanne mutum na tsaye da zanen ciyawa a ƙugu, hannunsa ɗaya riƙe da igiya wajen goma, kowace a wuyan wani baƙin tsuntsu da suke kira "u". Ya nitse, ya cafko kifi, ɗaurin ya hana babba wucewa ciki, a jawo shi ya amayar. Sun haura shekara 1,300 suna haka. Gado ne kamar sarkanci, kuma masuntan ma'aikatan fadar Sarkin Japan ne!

Da aka ce ayu za mu ci, na zaro ido: ina za mu kai ƙaton ayun Binuwai? Ashe wani ɗan kifi ne, ɗanyensa na ƙamshin kankana. Aka gasa shi da gishiri, ga shatin bakin tsuntsun a gefensa.

Abin da ya ɗaure mini kai, tsuntsun nan baƙo ne a kogi. Umi-u ne, na bakin teku, daga gaɓar Hitachi ake kamo shi saboda girma da ƙarfi. Ɗan gida shi ne kawa-u, ɗan'uwansa, wanda a idona kamar an tsaga kara. A farkon shekarun 1970 gurɓatar ruwa ta kusa ƙarar da kawa-u a Japan, saura wajen 3,000. Da koguna suka gyaru ya hayayyafa har ya gagara: yana wawushe ayu, kashinsa ya busar da itatuwan tsibirin Chikubu a Tafkin Biwa. A 2007 aka halatta farautarsa. A lissafin masana na duniya dai, dukansu biyu ba sa fuskantar barazanar ƙarewa.

Washegari na hango kawa-u a kan dutse, ya baza fikafikai yana shanya kamar babbar riga. Dattijon da ke gefena ya ja tsaki. Ni kuwa wuyansa na duba. Babu igiya, duk abin da ya kama cikinsa zai ba.