Ginin Da Ya San Shi Baƙo Ne

Mu da muke koyar da labarin ƙasa a makarantun sakandare mun saba zana dutse mai aman wuta a allo, mu jera wa ɗalibai ɓarnarsa. Ba kasafai muke gaya masu yadda ya kamata a yi gini a kan tokarsa ba.

Mu ɗauki tsibirin Lanzarote na ƙasar Sifen, yamma da gaɓar Maroko. Daga 1730 zuwa 1736 duwatsun Timanfaya suka yi ta aman wuta, suka binne ƙauyuka da gonaki. Da masu yawon buɗe ido suka fara kwarara a ƙarni na 20, wani ɗan tsibirin, mai zane César Manrique, ya tsaya kai da fata kada a cika wurin da dogayen benaye. A 1970 shi da abokan aikinsa suka gina wa baƙi gidan abinci na El Diablo, gajeren gini mai da'ira, na baƙin dutsen wurin da gilashi. Nama ma a bakin wani rami ake gasa shi, da zafin da ke tasowa daga ƙasa, ba itace ba gawayi. Motar safa ce ke zagayawa da baƙi, domin sawun ƙafa kan daɗe a toka bai goge ba.

Jama'a dutsen suka zo gani, in gini ya tare shi, me ya rage? Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. A ganinmu, magini ma a irin wannan wuri baƙo ne, ya kamata ya taka a hankali.