Leo Fender da gitar bas: suna na bisa wuya, aiki na cikin rami

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon orkes, a gidan biki ko a tele, ya ga gitar nan mai dogon wuya da tsirkiya huɗu masu kauri, wadda amonta ke dukan ƙirji tun kafin ya kai kunne. Ita ce gitar bas. Mutane da dama suna zaton ƙahoni biyu da ke jikinta, da ƙugunta mai lanƙwasa, ado ne kurum da wani mai zane ya ga dama ya yi. Alhali kuwa kusan kowane lungu nata yana da dalili, kuma dalilin yana komawa ga zarto, da inji, da irin iccen da aka samu, da kuɗɗin da mai ma'aikata ya yarda ya kashe. Labarin mutumin da ya fito da ita kasuwa ya isa darasi, har ga ɗan kasuwar da bai taɓa riƙe gita ba.

An haifi Leo Fender cikin shekara ta 1909 a jihar Kaliforniya ta ƙasar Amurka. Lissafin kuɗɗi ya koya, ya yi aiki da shi ƴan shekaru, sa'an nan ya buɗe shagon gyaran rediyo a garin Fullerton cikin 1938. Har ya bar duniya bai iya kaɗa gita ba. Abin da ya iya shi ne sauraren koken makaɗan da ke kawo masa gyara. A wancan zamani mai kiɗan bas yana fama da kontirbas, wani ƙaton goge da ya kai tsawon mutum a tsaye, wanda sai an sassaƙe cikinsa da bayansa da hannu, an tanƙwara gefunansa da ƙarfe mai zafi. Ga tsada, ga wuyar ɗauka, ga shi ganguna da ƙahonin busa suna danne muryarsa. Wani mai suna Paul Tutmarc ya gwada bas ta lantarki a birnin Siyatil tun cikin shekarun 1930, amma ba ta yi kasuwa ba.

Cikin 1951 Fender ya fito da tasa, ya sa mata suna Precision Bass, domin ƙarafunan da ya jera a wuyanta suna ba makaɗi damar samun kowace murya daidai, babu lalube. Da yake shi mai gyara ne, tambayar da ya fara yi wa kansa ita ce: yaya za a ƙera abin da yawa, kuma idan ya lalace yaya za a gyara shi? Sai ya bar sassaƙa. Ya ɗauki katako mai kauri na iccen ash, ya aza masa samfur, aka yanke da zarton inji, wani inji mai ƙwaƙule icce ya bi samfurin ya fidda ramuka. Shi ya sa jikin bas ta farko ya fito shimfiɗe tamkar allo. Wuyan kuwa daban ake yin sa da iccen maple, a zaunar da shi cikin rami, a ɗaure da kusoshi huɗu masu zare. Idan ya karkace, a kwance a sa wani. Tazarar tsirkiya daga kai zuwa jaki ya tsayar da ita a inci 34, wato wajen santimita 86, awon da akasarin masu ƙera bas suka bi daga baya. Wuya mai wannan tsawo yana rinjayar jiki, saboda hakanan ya miƙa ƙahon sama, aka rataya maɗauri a bakinsa don kan gitar ya daina faɗuwa ƙasa. Ƙahon ƙasa kuma yanka ne da aka yi don hannu ya isa ƙarshen wuya.

Makaɗa suka koka da cewa gefen allon yana cin haƙarƙari da damtse. Cikin 1954 aka fara zaftare bayan jikin da inda hannu ke kwanciya, irin yadda aka yi wa gitar Stratocaster. Ma'aikata ne ke goge waɗannan wurare da hannu bisa injin guga, don haka da wuya a samu bas biyu na wancan lokaci da suka yi daidai wa daida. Cikin 1956 aka koma ga iccen alder a mafi yawan gitocin, saboda yana samuwa da sauƙi, kuma ƙofofin jikinsa ƙanana ne, ba ya buƙatar ciko kafin fenti. Launukan nan masu sheƙi da ake yabo, fentin motoci ne na kampanin DuPont, wanda mai so ke biyan ƙarin kashi 5 cikin 100 a kansa. Cikin 1960 Jazz Bass ta biyo baya, da karkataccen ƙugu don jin daɗin mai kiɗa a zaune, da wuya siriri.

Mai karatu zai ƙara gane zancen idan ya dubi abin da wasu suka ƙera a shekarun nan. Gidan Höfner na ƙasar Jamus, masu sana'ar goge ne tun asali. Da suka fito da bas cikin 1956 sai ta zo da siffar goge, cikinta holoƙo, marar nauyi, irin wadda Paul McCartney ya saya a Hambur cikin 1961. Gidan Gibson ya saba manna wuya da gam, haka ya yi wa tasa cikin 1953: haɗin yana da kyan gani, amma gyaransa sai gwani. Rickenbacker, daga 1957, ya ratsa icce guda tun daga kai har gindi, ya manna fukafukai biyu a gefe. Wajajen 1980 Ned Steinberger, wanda ya fito daga sana'ar zanen kujeru, ya bar icce gaba ɗaya, ya zuba garwayen zaren gawayi da danƙo cikin mazubi, sai ga bas marar kai, mai ɗan jiki kamar akwatin sarƙa. Kowane gida, abin da hannunsa ya saba da shi, shi ya fito a jikin kayansa.

To, ina inganci ya shigo? Amon bas, mafi yawansa daga tsirkiya yake fitowa, da mikoron maganaɗisu da ke ƙarƙashinta, da yatsun makaɗi; har yau ana gardama bisa yawan abin da irin icce ke ƙarawa. Abin da babu gardama a kansa shi ne nauyi a kafaɗa, da zaman wuya cikin raminsa, da bushewar katako. Tsirkiya huɗu suna jan wuya da ƙarfin da ya haura kilo 70, dare da rana. Iccen da bai bushe ba zai murɗe, ramin da ya yi wa wuya yawa zai bar shi yana motsi, murya ta riƙa gocewa.

Wannan shi ne abin da ya samu gidan Fender kansa. Cikin watan Janairu na 1965, Leo, da rashin lafiya ta dame shi, ya sayar da kampanin ga CBS, masu rediyo da tele, bisa dola miliyon 13 na Amurka. Sababbin masu gida suka faɗaɗa ma'aikata, suka ninka yawan kaya. Ƙarshen shekarun 1960 aka koma ga fenti mai kauri, mai saurin aiki. Cikin shekarun 1970 aka riƙa amfani da ash mai nauyi, har wasu bas suka wuce kilo 5. Zaftarewar jiki ta ragu. Aka mai da kusoshin wuyan Jazz Bass uku, ramin kuwa sau da yawa ya yi faɗi. Laifin ba na kusoshi uku ba ne, domin Leo ya yi amfani da su a bas ɗin StingRay ta gidan Music Man cikin 1976 ba tare da wannan matsala ba. Awo ne aka sassauta. Gaskiya ne an samu nagari a cikinsu, kamar Jazz Bass ta 1977 da Marcus Miller ya yi suna da ita. Amma mai saye ya koma kamar mai caca, makaɗa kuma suka bazama neman tsofaffin da aka yi kafin 1965.

Ana cikin haka sai ƴan Japon, irin su Tokai da Greco, suka samo tsofaffin nan, suka auna su filla-filla, suka riƙa fitar da kwaikwayo da ya fi na mai suna kama da asali, kuma da araha. Ba don Fender ya so ba, cikin 1982 ya ƙulla yarjejeniya da ma'aikatar Fujigen ta garin Matsumoto, ta riƙa ƙera masa kaya da sunansa da kuma sunan Squier. Cikin 1985 CBS ya sayar da kampanin ga wasu shugabanninsa, ƙarƙashin William Schultz, bisa dola miliyon 12 da rabi, ba tare da ma'aikatar Fullerton ba. Bayan shekara 20, kuɗɗin bai kai wanda aka saya ba. Sai da suka sake gina wata a garin Corona, suka koma ga awon farko, kana sunan ya farfaɗo. Leo ya rasu cikin 1991, yana kan aiki a G&L, gidansa na ƙarshe.

Akwai masu cewa inji ne ya kashe inganci. Tarihi bai goyi bayansu ba. Gidan Peavey na jihar Misisipi ya fito da bas ɗin T-40 cikin 1978, jikinta yankan inji mai bin umurnin kwamfuta, wuyanta kuma da irin injin da ke sassaƙa gindin bindiga. Ta zo da araha da ƙarko, ko da yake tana da nauyi. A yau irin wannan inji ne ke yanke akasarin bas a Amurka da Meksiko da Indonesiya da Sin, shi ya sa ta talaka ma raminta ke fita daidai. Abin da inji bai ɗauke wa mutum ba shi ne zaɓen katako, da haƙurin busar da shi, da goge bakin ƙarafuna, da daidaita tsirkiya. A nan ne mai tsada da mai araha ke rabuwa, a nan ne kuma mai gaggawa ke yin rowa.

Saboda hakanan, mai sayo wa orkes kaya, ko ma'aikacin da aka ɗora wa sayayyar gidan matasa, kada ya tsaya ga rubutun da ke kan gita. Ya rataya ta ya ji ko kai na faɗuwa. Ya gwada zura takarda tsakanin wuya da jiki. Ya hangi wuyan tun daga gindi ya ga ko ya murɗe. Ya shafa gefensa, domin a ƙasa mai hunturu irin na Tawa da Damagaram icce yana tsukewa, bakin ƙarafuna ya fito yana yankar hannu. Ya tabbata sandar ƙarfen da ke cikin wuya tana juyawa, don da ita ake miƙe shi idan yanayi ya sake. CBS ya biya miliyon 13 ya sayi suna, amma bai riƙe awon da ya yi sunan ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai.