Karen Kallo da Karen Daji

A karkarar Ingila, idan sanyi ya ja da baya, ana gudanar da wata irin gasar karnuka wadda alƙalinta ba ya fara duba launi ko sheƙin gashi. Yakan ɗaga karen, ya zagaye ƙirjinsa da tafukan hannunsa biyu daga bayan kafaɗu. Idan yatsunsa suka haɗu, karen ya tsallake matakin farko. Idan suka kasa haɗuwa, komai kyansa ya faɗi. Dalilin wannan awo yana ƙarƙashin ƙasa. Waɗannan ƙananan karnuka da ake kira teriya an samar da su ne domin su bi yanyawar Turai cikin raminta su koro ta waje, kuma duk karen da ƙirjinsa ya fi na yanyawa kauri zai maƙale a hanya. A wannan fili, tabon cizo a hanci ko a leɓe ba ya rage wa kare maki, domin shaidar aiki ce.

Na ɗauko wannan labari daga nesa ne saboda tambayar da ke cikinsa ta iso ƙofar gidanmu a yammacin Zamfara. Idan aka raba dabba da aikin da ya siffanta ta, me ya rage daga gare ta, kuma wa ke da hurumin cewa wannan ce mai kyau?

Turawa sun shafe fiye da ƙarni ɗaya da rabi suna wannan gardama. An yi gasar nuna karnuka ta farko irin ta zamani a birnin Newcastle a 1859, aka kafa ƙungiyar Kennel Club a 1873 domin ta riƙa rajistar asali da tsara gasanni, sannan babbar gasar Crufts ta fara da wannan suna a 1891. Daga nan kowane iri ya samu rubutacciyar siffa: tsawon kai kaza, tsayuwar kunne kaza, lanƙwasar wutsiya kaza. Cikin waɗanda aka kafa ƙungiyar da su akwai wani limamin coci daga yankin Devon mai suna John Russell, wanda tun a 1819, yana ɗalibi a Oxford, ya sayi wata ƙaramar karya mai suna Trump, daga gare ta kuma ya fara kiwon irin da yau ke ɗauke da sunansa. Russell ya yi alƙalanci a gasa, amma bai yarda ya kai nasa karnukan a nuna su ba. An ruwaito cewa ya kamanta bambancin nasa da na filin gasa da bambancin furen daji da furen lambu.

Abin da ya hango ya faru. Mai kiwo yana bin abin da ake ba lada ne, kuma a filin gasa ido ake ba lada. Cikin 'yan shekaru teriyar gasa ta ƙara tsawon kai da zurfin ƙirji, har ta fi ƙarfin ramin da aka yi ta dominsa. Wannan ne ya sa masu karnukan aiki suka ware, suka kafa ƙungiyoyinsu a Birtaniya a 1974 da Amurka a 1976, suka daɗe suna adawa da a shigar da karensu cikin rajistar masu gasa. A sauran irurruka ɓarnar ta fi haka muni. A 2008 BBC ta nuna wani shirin bincike kan cututtukan da auren dangi da bin siffa suka haifar wa karnukan gasa: masu murƙushasshen hanci da numfashi ke yi wa wuya, da masu karkatattun ƙafafun baya da ke tafiya kamar za su zauna. Bayan shirin, tashar ta daina watsa gasar Crufts. Bulldog na Ingila, wanda kakanninsa ke kokawa da bijimi, yau mafi yawan 'ya'yansa sai an yi wa uwarsu tiyata ake fito da su.

Su ma masu gasar karnukan aiki ba su tsira ba. Dokar farauta ta 2004 ta haramta farautar yanyawa da garken karnuka a Ingila da Wales, ta bar wa teriya 'yar ƙaramar ƙofa mai sharuɗɗa. Da aikin ya ƙuntata, taron ya ci gaba, har tsofaffin masu harkar suka fara ƙorafin cewa karen da bai taɓa shiga rami ba yana komawa gida da lambar yabo. Awon ƙirji yana nuna cewa kare zai iya shiga rami. Ba ya nuna ko zai yarda ya shiga, ko zai tsaya idan ya ji numfashin abokin gaba a cikin duhu.

Wannan labari ya taɓa ratsowa ta maƙwabtanmu. Dogon karen nan siriri na Abzinawa da ke kwarin Azawak, tsakanin Nijar da Mali, wanda ke gadin zango yana kuma kamo barewa da zomo, an fara kai shi Turai a farkon shekarun 1970, kuma a 2019 babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta karɓe shi cikin jerin karnukan gasa. Siffar da aka rubuta masa a Turai ta ware wasu launuka kaɗai, alhali a zangon makiyaya ba wanda ke korar kare don launinsa. Basenji na Kongo kuwa, da jininsa ya ƙuntata a Amurka har cutar gado ta yi yawa, sai da masu kiwonsa suka koma ƙauyukan da ya fito a ƙarshen shekarun 1980 neman sabon jini, aka buɗe musu rajista a 1990. Karen ƙauye da ba shi da takarda shi ya ceci mai takarda.

Namu karen, na ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum, ba wanda ya taɓa rubuta siffarsa. Ja ne ko fari ko mai dabbare-dabbare, siriri, mai ɗamammen ciki da gajeren gashi. Duk da haka an tace shi, kuma daji ne ya yi tacewar. Na tashi a gidan da kawuna ke fita farautar rani, bayan an kwashe amfanin gona ciyawa ta bushe. Ba na tuna ranar da na ji shi ya yabi kare don kyau. Abin da yake lissafawa shi ne hanci, da jimirin gudu cikin zafin Maris, da tafin ƙafar da ƙaya ba ta gurgunta shi, da sanin bambancin ramin gafiya mai rai da wanda aka daɗe da bari. Sama da duka, yana son karen da zai kama zomo ya riƙe har ubangidansa ya iso da wuƙa. Karyar da ta nuna wannan hali, tun tana da ciki ake kama layin 'yan kwikwiyonta daga ƙauyuka uku ko huɗu. Wadda ta kasa, ba mai tambayar zuriyarta. Rajistarmu ke nan, a bakin mutane take.

Malamanmu ma da aiki suka auna kare. Aya ta huɗu ta Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo, hadisi kuma ya ba da izinin ajiye kare domin farauta da kiwo da gadin gona. Da malaman fiƙihu suka zo bayyana horarren kare, ba su ambaci iri ba. Suka ce shi ne wanda idan an tura shi zai tafi, idan an tsawata masa zai tsaya. Al'adar da ke ƙyamar kare a cikin ɗaki ita ce kuma ta ba Sarkin Dawa matsayi, ta samar da makaɗan maza irin su Kassu Zurmi da ke zuga mafarauta da 'yan tauri. Martabar karen daga amfaninsa take fitowa.

Yanzu dajin ya rufe. A Ingila majalisa ce ta rufe shi. A wurinmu bindiga ce. Dazukan Gando da Sunke da kewayen Bagega, sunayensu sun koma cikin rahotannin hare-hare da garkuwa da mutane. Manomin da ke tsoron isa gonarsa ba zai kwana uku a dawa yana bin sawun gada ba. Mafarauta da yawa sun koma aikin tsaron gari, wasu sun yi gudun hijira zuwa Anka ko Gummi ko Gusau, inda ciyar da yara ya riga ciyar da kare. Waɗanda ke tafiya nesa neman dajin da ke da sauran lafiya suna tafiya ne da zargi a kansu, kamar yadda kisan mafarauta 16 'yan arewa a Uromi ta jihar Edo ya nuna a Maris 2025. Kare ba ya daɗewa a duniya. Shekara goma ta ishe shi tsufa. Ke nan shekarun da muka yi cikin wannan fitina sun isa a haifi zuriya uku ko huɗu da ba a taɓa gwada su a daji ba.

A daidai wannan lokaci wata kasuwa ta buɗe. A Abuja da Kaduna da Kano, masu hali suna sayen German Shepherd da Rottweiler da Boerboel, da wani mai tulin gashi daga tsaunukan Kokeshas wanda zafin Afrilu ke galabaitarwa. Na taɓa ziyartar wani gida a Abuja inda aka nuna mini takardar asalin kare kafin a nuna mini karen, wanda na tarar yana haki a gaban fanka. Wannan sha'awa ta gangaro ƙasa. A TikTok da Facebook za ka ga samari suna baje karnukan farauta da sarƙa da kirari, ana yaba girman kai da faɗin ƙirji, ana barbarar na gida da na waje domin a samu mai cika ido. Allon waya ya zama filin gasarmu, kuma shi ma ido yake ba lada. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Ba ina cewa farautar da muka gada ba ta da laifi ba. Ƙona daji ya cinye bishiyoyi da ƙananan dabbobi, rigimar ƙwace nama ta sha jawo sara da jini tsakanin ƙauyuka, kuma barewa ta yi ƙaranci tun kafin 'yan bindiga su zo. Ko an samu zaman lafiya gobe, dajin ba zai ɗauki irin gayyar da ake yi a da ba. Amma karen yana da sauran aiki: gafiya da gyazbi na ɓarna a gona da rumbu, garke na bukatar mai gadi, kuma a ƙauyen da ke kwana da ido ɗaya, haushin kare shi ne gargaɗin farko.

Saboda haka, idan wata rana masarautun Anka da Gummi da Bukkuyum, ko ƙungiyoyin mafarauta, suka ga dacewar shirya taron karnuka, ina goyon baya, bisa sharaɗi uku. Alƙalan su kasance tsofaffin mafarauta. Gwajin ya kasance na bin sawu da jin kira da jimiri, a fili, cikin rana. Likitocin dabbobi kuma su zo da allurar rigakafin haukan kare, su rubuta zuriyar da ta yi fice tare da aikin da ta yi, tun masu wannan sani suna raye. Hausawa sun ce karen bana shi ke maganin zomon bana. Karin maganar ta ɗauka cewa kowace shekara za a samu karen da ya san zomo, kuma wannan ne abin da ba shi da tabbas a yammacin Zamfara a yau.