Madubin da ke jikin jitar Phil Lynott

Idan aka zauna da dattijon da ya taɓa ganin Thin Lizzy a kan dandamali, a Dablin ko Gilasgo ko Manchesta, aka ce ya ba da labari, ba kasafai yake farawa da waƙa ba. Da haske yake farawa. Zai ce yana tsaye cikin cunkoso a zaure mai duhu, gumi ya jiƙa masa riga, sai ga wani haske ya taso daga dandamali, ya ratsa kawunan jama'a, ya sauka a fuskarsa ya ɗan dakata. Da ya ɗaga ido sai ya ga jagoran ƙungiyar, Phil Lynott, dogon baƙin mutum mai tulin suma, ya ware ƙafafu, ya saita jitarsa kamar mai riƙe da bindiga, yana dubansa yana murmushi. An yi sama da shekara 40, amma dattijon zai rantse cewa shi kaɗai aka zaɓa a wannan dare. Abin dariyar shi ne, kusan duk wanda ke zauren haka zai rantse.

Madubi ne Lynott ya manna a fuskar jitarsa, mai tsirkiya huɗu da kakkaurar murya, wadda ake kira bes. Asalin dabarar kuwa daga wulaƙanci ta fito. A ƙarshen 1972 ƙungiyar ta bi Slade yawon wasa a Birtaniya a matsayin masu share fage. Lynott a lokacin mai kunya ne, yakan kafe wuri ɗaya kansa a sunkuye, har manajan Slade, Chas Chandler, ya ja masa kunne cewa in ba zai kula 'yan kallo ba to a bakin aikinsu. Mawaƙin Slade, Noddy Holder, yana sa doguwar hula da aka jera wa ƙananan madubai, tana watsa hasken fitila cikin zaure. Lynott ya ɗauki darasin, ya kuma gyara shi: hular Holder kowa take haskawa, madubin Lynott kuwa mutum ɗaya yake nema.

Mai karatun da bai saba da kiɗan rok mai nauyi na shekarun 1970 ba, in ma ya san sunan Thin Lizzy, da wuya ya wuce waƙa biyu: "Whiskey in the Jar", tsohuwar waƙar gargajiyar Ayalan da suka sabunta a 1972, da "The Boys Are Back in Town" ta 1976, wadda har yau ake sakawa a filayen wasanni da tallace-tallace. Wannan shi ne abin da ke ci wa masoyansu tuwo a ƙwarya. Ana lissafa Led Zeppelin da Deep Purple da Black Sabbath a sahun gaba, a bar Thin Lizzy a gefe da waƙa biyu, alhali ƙungiyar ta fitar da faifan situdiyo 12 tsakanin 1971 da 1983. An sa sunanta cikin 'yan takarar shiga Rock and Roll Hall of Fame na 2020, aka zaɓi wasu aka bar ta.

Lynott kansa abin kallo ne tun kafin ya hau dandamali. An haife shi a 1949 a West Bromwich ta Ingila, uwarsa Philomena 'yar Ayalan, ubansa mutumin Guyana. A wurin kakarsa ya tashi, a unguwar Crumlin ta talakawan Dablin, a zamanin da ganin baƙin yaro a birnin sai an tona. Can ya haɗu da Brian Downey a makaranta, wanda ya zama mai gangar ƙungiyar daga kafa ta a 1969 har rushewarta. Yaron da ake nunawa da yatsa a titi shi ne ya girma ya riƙa rera tarihin yaƙe-yaƙe da tatsuniyoyin Ayalan da ƙarfin da ba wanda ya kai shi a fagen rok, a waƙoƙi irin su "Emerald" da "Róisín Dubh". 'Yan Ayalan da ke aikin ƙarfi a biranen Ingila, a shekarun da rikicin Ayalan ta Arewa ya sa ake yi wa lafazinsu kallon zargi, sun samu wanda ke ɗaga tutarsu a bainar jama'a ba tare da sunkuyar da kai ba. Mai son fahimtar zafin ƙaunar da ake masa, daga nan ya kamata ya fara.

Sautin da aka san su da shi kuwa tsautsayi ne ya haifar da shi. Makaɗin jitarsu na farko, Eric Bell, ya gaji da rayuwar hanya, ya jefar da jitarsa a tsakiyar wasa a Belfas a daren ƙarshe na 1973, ya fice. Bayan 'yan watanni Lynott ya ɗauki mutum biyu a gurbin ɗaya: Scott Gorham ɗan Kalifoniya, da Brian Robertson ɗan Gilasgo mai shekara 18. Sauran ƙungiyoyi masu jita biyu sukan raba aiki, ɗaya ya riƙe kari, ɗaya ya yi gwaninta. Waɗannan biyun sai suka riƙa kaɗa layi ɗaya a lokaci ɗaya, ɗaya na bisa ɗaya da 'yar tazarar murya, ta yadda kunne ke jin kamar jita ɗaya ce mai harshe biyu. Ba su ne suka ƙago salon ba, Wishbone Ash da Allman Brothers sun riga su, amma su ne suka mayar da shi amshin da taro zai iya rerawa da baki. Iron Maiden da Metallica da Def Leppard duk sun sha daga wannan rijiya, kuma ba su ɓoye ba.

To me ya hana su kai inda takwarorinsu suka kai? Masoya suna da amsa ɗaya, kuma a nan gaskiya tana gefensu. A wancan zamani Amurka ce ke naɗa sarautar rok, kuma ba ta naɗa wanda bai zagaye garuruwanta wata da watanni ba. Sau uku ƙofar tana buɗewa, sau uku tana rufewa. A tsakiyar 1976, faifan Jailbreak yana tashe, waƙarsu ta kai ta 12 a jadawalin Amurka, sai ciwon hanta ya kwantar da Lynott aka soke sauran zagayen. A Nuwamba na shekarar, ana jajibirin komawa, Robertson ya shiga tsakani a wani faɗa a gidan rawa na Speakeasy a Landan don kare abokinsa mawaƙi Frankie Miller, kwalba ta yanke masa hannu, aka sake sokewa. A Yulin 1979 Gary Moore, wanda ya maye gurbin Robertson, ya tattara kayansa a tsakiyar zagayen Amurka ya yi gaba, aka kira Midge Ure cikin gaggawa ya cike gurbi. Sa'a, in ji masu magana, ta fi sammako. Sai dai adalci ne a ƙara cewa yawancin wannan rashin sa'a su suka janyo wa kansu da irin rayuwar da suka zaɓa.

Abin da Amurka ta rasa shi ne ganinsu ido da ido, domin Thin Lizzy a faifai da Thin Lizzy a zaure ba ɗaya ba ne. Faifansu na situdiyo, har waɗanda suka yi kasuwa, sukan fito da sauti siriri, kamar an ɗaure wa doki ƙafa. Shi ya sa faifai ɗaya ya zame wa masoya shaidar da suke kai wa kotu: Live and Dangerous na 1978, wanda aka haɗa daga wasannin Hammersmith Odeon a Landan a 1976, da na Filadelfiya da Toronto a 1977. Ya kai na 2 a Birtaniya, kuma da wuya a jera fitattun faifan wasan kai tsaye ba a sa shi ba. A cikinsa ne "Cowboy Song" ke gangarawa ta faɗa cikin "The Boys Are Back in Town" ba tare da numfashi ba, taro ya ɓarke da ihu. Wanda bai halarta ba, nan ake cewa ya saurara.

Sai ga shi shaidar da kanta ta shiga zargi. Tony Visconti, wanda ya tace faifan, ya sha faɗa daga baya cewa kusan kashi 75 cikin 100 a situdiyo aka sake kaɗa shi, ganguna da ihun jama'a ne kawai ba a taɓa ba. 'Yan ƙungiyar suka musanta. Hujjar Robertson ta masu sana'a ce: ƙarar amsa-kuwwarsu a dandamali tana malala cikin kowace makirufo, har ta ganguna, don haka in an goge jitar asali aka ɗora sabuwa, inuwar tsohuwar za ta tona asiri. Kowa ya yarda an yi gyara, an kuma san cewa waƙar "Southbound" lokacin gwajin sauti aka ɗauke ta, zaure ba kowa, aka ɗora mata tafi daga baya. Gardamar a kan yawan gyaran take.

Ga wanda ba ruwansa, wannan musu ne na ƙwararru. Ga wanda ya kwana a layi don sayen tikiti, magana ce ta mutunci. In faifan ƙarya ne, to me ya rage na daren da ya shekara 40 yana ba 'ya'yansa labari? Tunani ma gyara yake yi, ya goge kuskure ya ƙara tafi, kamar yadda adadin mutanen da suka halarci wasansu a harabar gidan opera na Sidni a Oktoban 1978 ke ƙaruwa gwargwadon bakin mai ba da labari. Da aka fitar da ɗanyen naɗin wasannin gaba ɗaya a 2023, masoya suka zauna suna gwada waƙa da waƙa kamar masu binciken gado. Abin da suka ji ya fi kusa da maganar Robertson: akwai 'yan tuntuɓe nan da can, amma wutar tana nan, ba situdiyo ce ta hura ta ba. Ganau ya samu abin nuna wa jiyau.

A Ayalan, tunanin ya fi taruwa a kan ranaku biyu. Ta farko 21 ga Agustan 1977 a filin ƙwallo na Dalymount Park, kwana ɗaya bayan Lynott ya cika shekara 28, lokacin da ɗan Crumlin ya dawo gida a matsayin tauraro, a ƙasar da manyan wasannin fili ba su zama ruwan dare ba tukuna. Ta biyu 16 ga Agustan 1981, wasan farko da aka taɓa yi a fadar Slane. Thin Lizzy ne manyan baƙi, cikin masu share musu fage kuwa har da wasu samari huɗu 'yan Dablin da ake kira U2. Masoyan Lizzy suna son ambaton wannan, da ɗan ɗaci a murya.

Akwai kuma abin da ba su cika son ambato ba, sai hira ta yi nisa. Zagayen ban kwana na 1983 ya cika zaure bayan zaure; matashin makaɗi John Sykes ya kawo sabon ƙarfi, faifan Thunder and Lightning ya kai na 4. Amma mutumin da ke riƙe da madubin ya canja. Jikinsa ya kumbura, muryarsa ta dushe, hodar hiroyin ta riga ta kama shi, ta kama Gorham ma, wanda shi ne ya dage a tsaya don ya tsira da ransa. Na sahun gaba sun ga alamun da idonsu, suka ci gaba da tafi suna neman ƙari. Me kuma ɗan kallo zai yi? Ba shi da wani abin bayarwa ban da tafin. Duk da haka, waɗanda suka tsaya a bikin Reading ranar 28 ga Agusta suka ji shi yana rera "Still in Love with You" a karo na ƙarshe a Birtaniya, ba duka ne ke iya tuna daren da zuciya sake ba. Bayan mako guda aka yi wasan ƙarshe a Nurembag ta Jamus.

A Yulin 1985 aka yi gagarumin wasan Live Aid, wanda abokansa biyu, Bob Geldof da Midge Ure, suka shirya. Ba a gayyace shi ya yi wasa ba. Minti 20 da Queen suka yi a dandamalin Wembley a ranar sun sabunta musu suna a duniya, kuma masoyan Lizzy ba su daina auna abin da irin waɗannan mintuna za su yi wa nasu gwanin ba, ko da yake masu gaskiya a cikinsu sun san halin da yake ciki a lokacin. Ya faɗi a gidansa ranar Kirsimeti, ya rasu ranar 4 ga Janairun 1986, yana da shekara 36.

Daga nan riƙon amanar ya koma hannun masoya da mahaifiyarsa. A 1987 suka fara taruwa a Dablin duk 4 ga Janairu, a bikin da suka sa wa suna Vibe for Philo, makaɗa suna maimaita waƙoƙin, baƙi suna zuwa daga ƙasashen Turai da wajenta. Philomena ta riƙa karɓar waɗannan baƙi a gidanta kamar 'ya'yan ɗanta, tana kula da kabarinsa a Sutton, har ta rasu a 2019. Ita ce ta tsaya tare da masoyan har aka kafa gunkinsa na tagulla a titin Harry, daura da titin Grafton, a 2005. Yana tsaye da doguwar riga, jitar a jingine a gefensa. Masu wucewa da suka san shi sukan zaro ɗan makaɗin roba da ake kaɗa jita da shi, su soke a tsakanin tsirkiyoyin tagullar, su ɗauki hoto, su shiga kasuwa.