Gombe: Kifin Gongola Da Kunkurun Daji Sun Zama Kayan Ƙawa

Duk matafiyin da ya nufi Gombe daga Bauci, da zarar ya wuce Tumfure ya soma gangarawa, zai hango garin shimfiɗe cikin kwari, tuddai sun yi masa ƙawanya. Masarautar Gombe dai Modibbo Buba Yero ne ya kafa ta a zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya zauna a Gombe Abba, a bakin kogin Gongola. Turawa suka mayar da hedkwata Nafaɗa cikin 1913, sannan cikin 1919 aka dawo da ita Gombe Doma, watau inda garin yake a yau. Auduga da gyaɗa da jirgin ƙasa suka bunƙasa shi, har ran 1 ga Oktoba, 1996, ya zama babban birnin jiha.

Zaman hedkwata ya kawo ofisoshi da masaukan baƙi da manyan gidaje, ya kuma kawo sababbin sha'awoyi. Ɗaya daga cikinsu ita ce ajiye akwatin gilashi cike da ruwa a ɗakin baƙi, kifaye masu launi suna kai da kawowa a ciki, wani lokaci har da ɗan ƙaramin kunkurun ruwa. Ajiye kunkuru a tsakar gida kuwa tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa, wasu don yara, wasu don camfin cewa yana tare sharri. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, daga ina dabbar ta fito, kuma ta wace hanya ta iso hannun mai sayarwa.

Mai son amsar wannan tambaya sai ya kama hanyar Biu. Tafiyar kusan kilomita 40 gabas da Gombe za ta kai shi Dadin Kowa, kusa da Dutsen Bima, inda Gwamnatin Tarayya ta datse Gongola cikin shekarun 1980. Daga wannan madatsa ake tura wa Gombe ruwan sha, a nan kuma masunta suke fito da tarwaɗa da karfasa da ƙurungu. Gongola yana gangarawa kudu ya haɗu da Binuwai a Numan, saboda haka halittunsa dangin na Binuwai da Kwara ne. A cikin waɗannan koguna akwai kifayen da masunci ba ya ɗauka da wata daraja, amma masu akwatin gilashi a Turai da Amurka da Japan suna biyan kuɗi mai kauri a kansu: gwando mai sulke a jika, da talibambam mai kumbura ciki, da minjirya, da wani ɗan kifi mai dogon haɓa kamar haurin giwa wanda ba a iya kiwonsa don sayarwa ba, sai dai a kamo shi daga kogi. Ta Ikko ake fitar da yawancinsu, a ƙunshe cikin leda da ruwa da iska.

Gaskiya ita ce yawancin waɗannan kifaye ba su kai ga haɗarin ƙarewa ba, kuma akwai 'yan kasuwa masu lasin da ke fitar da su bisa ƙa'ida. Haka nan jan kifin nan na ƙawa da aka saba gani, kiwonsa ake yi a tafkunan gona tun ɗaruruwan shekaru. Inda gizo yake saƙa shi ne wajen kififiya da kunkuru.

Akwai wata babbar kififiya mai taushin ƙoƙon baya wadda dā ake samu tun daga Gana, ta Nijeriya, har Sudan. Ta yi ƙaranci har masana suka soma zaton ta ƙare, sai cikin 2017 aka sake ganinta a Farin Nilu, a Sudan ta Kudu. Cikin 2016, a taron Johannesburg, ƙasashen duniya suka sa kififiyoyin Afirka masu taushin baya cikin jerin dabbobin da ba a ƙetare iyaka da su sai da takardar izini. Shi kuwa babban kunkurun Sahel, mai ƙaya a cinya, wanda ya fi kowane kunkurun tudu girma a nahiyar Afirka, yana zaune ne tun daga Senegal, ta Nijar da arewacin Nijeriya, har Sudan. Yakan haƙa rami mai zurfi ya fake wa zafin bazara, yakan wuce kilo 50, yakan kuma haura shekara 70 a duniya. Sai ya shekara goma ko fiye kafin ya soma haihuwa, don haka duk macen da aka ɗauke daga daji an ɗauke zuriyar shekaru masu yawa tare da ita. Tun 2000 aka hana fitar da wanda aka kamo a daji don ciniki, kuma cikin 2021 ƙungiyar IUCN mai lura da halittun duniya ta sa shi cikin masu fuskantar haɗarin ƙarewa.

Doka ba ta yi shiru ba. Nijeriya tana cikin yarjejeniyar CITES da aka ƙulla a Washington cikin 1973, ta kuma kafa Doka ta 11 ta 1985 a kan fataucin dabbobin da ke neman ƙarewa, aka ƙara tsananta tararta cikin 2016. Hukumar NESREA da jami'an kwastan ke da alhakin tsare ta. Amma iyakar ƙasa tana da tsawo, ɗan kunkuru kuwa aljihu ma ya ishe shi. 'Yan sumoga sukan naɗe su da tsumma su cusa cikin akwati, da yawa su mutu a hanya saboda ƙishirwa da matsi. A Madagaska, cikin Afrilun 2018, an tarar da kunkuru kusan 10,000 a cunkushe cikin gida guda a garin Toliara, suna jiran a fitar da su.

To, a nan ne maganar ta dawo kan mai saye. Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mutum yakan ce tausayi ne ya sa ya sayi dabbar, don ya cece ta daga hannun mai talla. Amma kuɗin da ya biya su ne jarin da za a koma daji da su gobe, ya ceci guda ya yi odar goma. Malamai sun halatta ajiye tsuntsu ko wata dabba in za a ba ta haƙƙinta, sun kafa hujja da labarin yaron nan Abu Umair da ɗan tsuntsunsa. Sun kuma yi gargaɗi da hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. Kififiyar da aka saka a akwatin da bai kai kamu biyu ba, ba rana, ga ruwa ya gurɓace in wuta ta ɗauke, da wuya a ce an ba ta haƙƙinta. Ga kuma lafiyar yara, domin kunkuru yakan ɗauki ƙwayar cutar salmonela mai sa zawo da zazzaɓi, abin da ya sa Amurka ta hana sayar da ƙananansu tun 1975.

Saboda haka ya kamata magidancin Gombe, da na kowane gari, ya yi tambaya uku kafin ya zura hannu aljihu. Wane iri ne wannan? Kiwonsa aka yi ko kamo shi aka yi? Ina takardarsa? In mai sayarwa ya soma kame-kame, a bar masa kayansa. Wanda kuma ya riga ya saya, dabbar ta fi ƙarfinsa, kada ya kai ta Dadin Kowa ya saki, don baƙon iri yakan kawo cuta ko ya danne na gida. Ya nemi ma'aikatan gandun daji, ko gidan namun daji irin na Kano da na Jos. Yaran Gombe da ake ba tatsuniyar kunkuru da dare sun cancanci su girma su tarar da shi a dajinsa, kififiya kuma a ruwan Gongola.